ƘAIƘAYIN MAI CIKI DA NUMFASHIN JARIRI

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke yi masa yoyo. Mace mai ciki ita ta san abin da ke damun jikinta. Amma sau da yawa ba ta faɗi. Wani lokaci kunya ke hana ta. Wani lokaci kuma ta faɗi, a ce mata ba komi ba ne.

Akwai wani ƙaiƙayi da ke kama wasu mata in ciki ya tsufa. Yana kama tafin hannu da tafin ƙafa. Ba ƙurji, ba kumburi. Mutane na ɗaukarsa ƙaramin abu. Alhali ba daga fata yake ba, daga hanta yake. Uwa takan warke bayan ta haihu. Wanda ke cikin haɗari shi ne ɗan da ke cikinta, musamman numfashinsa a ranar da ya zo duniya.

Misali daga Kalley

Kalley tsohuwar unguwa ce a tsakiyar birnin Yamai, daf da Babbar Kasuwa. Zabarmawa ne suka kafa ta. Yau Hausawa da sauran ƙabilu suna zaune cikinta, ana kasuwanci tare. Daga Kalley zuwa gidan haihuwa na Issaka Gazobi tafiyar ƴan mintoci ce a mota. Nan ne babban gidan haihuwa na ƙasa, inda ake aiko mata masu wahalar ciki da naƙuda daga wurare da yawa.

A ɗauka ga wata matar aure a wannan unguwa, mai tuyar masa da safe. Cikinta ya shiga wata takwas. Wata rana da dare tafin ƙafarta ya fara ƙaiƙayi. Ta sosa, bai daina ba. Kashegari tafin hannu ya kama. Da rana da sauƙi, amma da ta kwanta sai abin ya taso. Ta goga ƙafa a bakin gado, ta tsoma ta cikin ruwan randa. Barci ya gagara.

Ta nuna wa uwar mijinta. Tsohuwa ta duba ta ce, "Ɗiyata, ni ban ga komi ba. Zafin gari ne, ko lallen da kika ƙunsa. Yi haƙuri, ciki ya gaji haka." Maƙwabciya ta ce zaƙi ne, ta kawo sassaƙe mai ɗaci. Wata ta ce a canza sabulu.

Dukansu alheri suke nufi. Amma ba wadda ta gano ciwon. Asibiti na kusa, ba wanda ya ce a je, don ba a ga jini ba, ba a ga zazzaɓi ba. In haka zai faru a Kalley, inda likita ke bakin ƙofa, ina ga ƙauyen da ke nesa da hanya? Shi ya sa ya kamata kowa ya san wannan ciwo, maza da mata.

Aikin hanta da maɗaciya

Duk wanda ya taɓa feɗe rago ranar Layya ya san hanta. Ya kuma san ƴar jakar nan koriya da ke manne da ita, wato maɗaciya, wadda wasu ke kira matsarmama. Mahauci yakan cire ta a hankali. In ta fashe, nama ya yi ɗaci.

Mutum ma yana da su. Hanta ce ke yin ruwan nan mai ɗaci, dare da rana. Maɗaciya wurin ajiya ce kawai. In an ci abinci mai maiƙo, sai ruwan ya gangara cikin hanji ya narkar da maiƙon, kamar yadda sabulu ke wanke mai a kwano. In ya gama aiki, jini ya kwashe yawancinsa ya mayar wa hanta, ta sake aiki da shi.

In mace ta yi ciki, jikinta yana yin wasu sinadarai masu riƙe cikin. Suna ƙaruwa ƙwarai a watanni uku na ƙarshe. A jikin wasu mata, waɗannan sinadarai suna sa hanta ta yi nawa wajen fitar da ɗacin. To, in rariyar gida ba ta jan ruwa sosai, ina ruwa zai je? Sai ya koma tsakar gida. Haka ɗacin ke komawa cikin jini, ya zaga jiki duka, ƙaiƙayi ya tashi. Da Faransanci likitoci na kiran ciwon kolestaz, wato tsayawar ruwan maɗaciya.

Ba sammu ba ne, ba iska ba ce, ba kuma ƙazanta ba ce. Ba a ɗaukarsa daga wani. Ba laifin matar ba ne. An daɗe da saninsa, don wani likitan Jamus ya bayyana shi tun shekarar 1883. A Ingila, inda aka ƙidaya, yana kama mata kamar 7 cikin kowane 1000 masu ciki. Ya fi kama waɗannan:

1. Wadda ta taɓa yinsa a wani ciki na baya.
2. Wadda uwarta ko ƴar'uwarta ta taɓa yinsa.
3. Mai cikin tagwaye.
4. Wadda ke da wani ciwon hanta tun farko, ko tsakuwa a maɗaciya.

Yadda ake gane shi

Ba kowane ƙaiƙayi ba ne wannan ciwo. Mata da yawa suna jin ƙaiƙayi a fatar ciki saboda tana miƙewa. Wannan ba ya cutarwa. Ƙazwa tana fitar da ƙuraje a tsakanin yatsu, kuma takan kama mutanen gida duka. Ƙurajen zafi ido yana ganinsu. Shi kuwa ƙaiƙayin hanta ga yadda yake:

1. Yakan fara daga wata bakwai zuwa sama.
2. Ya fi tsanani a tafin hannu da tafin ƙafa, yana kuma iya bin jiki duka.
3. Ya fi tashi da dare, har ya hana barci.
4. Ba ƙurji. Abin da ake gani a fata sawun susa ne kawai.
5. Wani lokaci fitsari ya yi duhu kamar shayi, bayan gida ya yi fari-fari.
6. Mata kaɗan ne idonsu ke yin ɗorawa.

Ƙarfin ƙaiƙayi ba ya nuna yawan ɗacin da ke cikin jini. Wata tana susa har fata ta yi jini, amma ɗacin kaɗan ne. Wata ƙaiƙayin da dama-dama, amma jininta ya cika da shi. Awon jini ne kaɗai ke raba gardama.

A kiyaye abu guda. In idon mai ciki ya yi ɗorawa, ga zazzaɓi, ga amai, ga kasala, wannan wata shawara ce daban mai kisa. A shekarar 2017 irin wannan ciwon hanta, mai bin gurɓataccen ruwan sha, ya ɓarke a jahar Diffa. Da yawa daga cikin waɗanda suka rasu mata ne masu ciki. Haka kuma in tana ciwon kai mai tsanani, fuska ta kumbura, ga ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Duk waɗannan ba a kwana da su a gida.

Yadda jariri ke fara numfashi

Ɗa a cikin ciki ba ya shaƙar iska. Huhunsa cike yake da ruwa. Iskar da yake rayuwa da ita daga jinin uwa take zuwa, ta bi ta mabiya da cibiya. Ta wannan hanya kuma yake mayar da dattin jikinsa, har da ɗacin da tasa hantar ke yi, jikin uwa ya zubar masa.

Ranar haihuwa komi ya canza. An yanke cibiya, dole ya nemi iska da kansa. Kukan farko da kowa ke jira shi ne alamar huhu ya buɗe.

Huhu ba jaka ɗaya ba ce. Ƴan ƙananan jakunkuna ne miliyoyi, waɗanda ido ba ya gani. Kowace tana buɗewa in an shaƙi iska, ta rage in an fitar. A duba zugazugin maƙeri. Fata ce. In ta sha mai, tana buɗewa tana rufewa cikin sauƙi, ko yaro ya zuga. In ba mai, sai ta ƙandare, mai zuga ya gaji wuta ba ta kama ba.

Allah ya yi wa huhu nasa man. Wani ruwa ne mai santsi da ke shafe cikin jakunkunan, ya hana su mannewa in iska ta fita. Likitoci na ce masa surfaktan. Huhun ɗa yana fara yinsa wajen wata shida, amma ba ya wadata sai ciki ya kusa wata tara. A shekarar 1959 likitoci a Amurka suka gano cewa rashin wannan mai ne ke kashe bakwaini da yawa. Jaririn da ba shi da isasshen mai, kowane numfashi sai ya yi da ƙarfi kamar na farko. Cikin ƴan awoyi ya gaji.

Hanyoyi uku da ciwon uwa ke taɓa numfashin ɗa

In jinin uwa ya cika da ɗaci, ba ta iya karɓar na ɗa. Sai ma hanya ta juya, nata ya ƙetara mabiya ya shiga jininsa da ruwan da yake kwance ciki. Daga nan matsala ke zuwa ta hanya uku.

Ta ɗaya, haihuwa kafin lokaci. Ɗacin yana sa mahaifa ta yi saurin motsawa. Naƙuda na iya tashi da makonni kafin ranarta. Ciki cikakke mako 40 ne. Duk wanda aka haifa kafin mako 37 bai cika ba. Ɗan da ya zo da wuri, man huhunsa bai gama haɗuwa ba.

Ta biyu, kashin farko. Kowace ungozoma ta san baƙin kashin nan mai danƙo da jariri ke yi a ranar farko. Ɗacin yana motsa hanjin ɗa, ya yi wannan kashi tun yana ciki. Sai a ga faya ta fashe, ruwan ya fito kore ko baƙi-baƙi maimakon fari. In ya shaƙi wannan ruwa lokacin haihuwa, kashin ya toshe ƙananan hanyoyin iska, ya kuma ɓata man huhu.

Ta uku, ɗacin kansa. Wannan ce hanyar da aka gano daga baya. Aikin ruwan maɗaciya narkar da maiƙo ne. In ya kai huhun jariri, yana tada wani sinadari da ke cinye man huhu, yana kuma sa huhun kumburi. Don haka ko ɗan da ya kusa cika, wanda ake zaton huhunsa ya nuna, yana iya shan wahala. Likitoci a birnin Rum na ƙasar Italiya sun bi jarirai 77 da iyayensu mata ke da wannan ciwo, suka buga sakamakon a shekarar 2006. Sun gwada su da wasu jarirai da aka haifa a makonni daidai da nasu. Cikin ƴaƴan masu ciwon, kusan 29 cikin 100 sun yi ciwon numfashi. Cikin sauran kuwa 14 ne cikin 100. Wato haɗarin ya ninka biyu.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. In ɗacin ya yi yawa ƙwarai, yana iya rikita bugun zuciyar ɗa, ya mutu a ciki ba zato. A shekarar 2019 aka haɗa bayanan mata fiye da 5000 masu wannan ciwo daga ƙasashe da yawa. Aka ga cewa in awon ɗacin bai kai lamba 100 ba, mutuwar ɗa a ciki ba ta fi ta sauran mata ba. In ya kai 100 ko ya wuce, ana rasa kamar 3 cikin 100, kuma haɗarin na ƙaruwa a makonnin ƙarshe.

Wannan lissafi yana da tsoro, yana kuma da kwantar da hankali. Yawancin mata masu ciwon ba sa kai lamba 100. Yawancin ƴaƴansu suna zuwa lafiya, su yi kuka, su kama nono. Abin da ake so shi ne a gano waɗanda ke cikin haɗari tun da sauran lokaci.

Abin da likita zai yi

Da farko zai duba fata, ya tabbata ba ƙazwa ba ce. Sannan a ɗebi jini a auna aikin hanta. A inda akwai kayan aiki, a auna yawan ɗacin kansa. Ƙaramin asibitin ƙauye ba ya wannan awo, don haka za a ba da takarda a tura gaba. Kada a jefa takardar cikin kwalla. In awon farko bai nuna komi ba amma ƙaiƙayi bai daina ba, a koma bayan mako ɗaya ko biyu. Wani lokaci ƙaiƙayi kan riga jini nunawa.

Akwai maganin da ake ba uwa, wanda ake kira urso a gajarce. Yana rage wa wasu mata ƙaiƙayi kaɗan. Amma a shekarar 2019 an gwada shi a Birtaniya kan mata 605, aka ga bai isa ya kare ɗa ba. Saboda haka kada mace ta ce ta sha magani, ƙaiƙayi ya lafa, shi ke nan. Maganin ciwon na gaske shi ne haihuwa.

A nan ne likita ke yin awo irin na manomi. In an yanke gero da wuri, bai nuna ba. In an bar shi ya daɗe, tsuntsu ya cinye. In an fitar da ɗa da wuri, huhunsa bai nuna ba. In an bar shi cikin ɗaci mai yawa, ana iya rasa shi. Ga yadda likitoci suka fi bi: in ɗacin kaɗan ne, a jira har kusan ranar haihuwa. In matsakaici ne, a tada naƙuda wajen mako 38 ko 39. In ya kai lamba 100, a tada ta wajen mako 35 ko 36. Tada naƙuda ba fiɗa ba ce. Mata da yawa suna haihuwa da kansu bayan an sa musu maganin.

Wannan lissafi ba ya yiwuwa sai an san makonnin ciki. Shi ya sa fara awon ciki da wuri ke da amfani. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawara mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin ta haihu.

In an ga haihuwa za ta zo kafin mako 34, ana yi wa uwa wata allura mai sa huhun ɗa ya yi saurin nuna. An gano amfaninta tun 1972. A shekarar 2020 wani gwaji a ƙasashe 5, har da Najeriya, ya nuna tana rage mutuwar bakwaini. A asibiti kawai ake yinta.

Kafin ranar haihuwa, uwa ta riƙa lura da motsin ɗanta kullum. In motsi ya ragu ko ya tsaya, a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Don samun sauƙin ƙaiƙayi ta yi wanka da ruwa mai sanyi, ta shafa man kaɗe, ta sa tufa mai sauƙi, ta yanke farce. Kada ta sha sassaƙe ko saiwa ko ƙwayar ƴan tebur. Duk abin da aka sha ta hanta yake bi, ita kuwa hantar ta riga ta gaji.

Alamun wahalar numfashi ga jariri

Wahalar numfashi na iya bayyana nan take, ko bayan ƴan awoyi. Uwa da kaka da ungozoma su sa ido sosai a kwana biyu na farko. Ga alamun:

1. Bai yi kuka ba da aka haife shi, ko kukan ba ƙarfi.
2. Numfashi da sauri. A buɗe cikinsa yana kwance shiru, a ƙidaya tashinsa har minti ɗaya cur da agogo ko salula. In ya kai 60 ko ya wuce, a sake ƙidayawa. In haka yake, akwai matsala.
3. Ƙasan ƙirji yana lotsawa ciki sosai in ya ja iska.
4. Yana nishi duk lokacin da ya fitar da iska.
5. Ƙofofin hancinsa suna buɗewa suna rufewa.
6. Leɓe da harshe sun yi shuɗi ko toka-toka.
7. Ya kasa kama nono, ko jikinsa ya saki.

Ko alama ɗaya aka gani, a kai shi asibiti. Ba a jiran gari ya waye, ba a jiran suna.

In jariri ya fito bai yi kuka ba, minti na farko shi ne komi. A goge shi da tsumma mai tsabta, busasshe, a shafa bayansa da ɗan ƙarfi. In bai numfasa ba, ungozomar asibiti tana da ƴar jakar roba da ake ɗorawa a hanci da baki a tura masa iska. Wannan jaka ta ceci jarirai masu yawa. A gida babu ita.

Kada a watsa masa ruwan sanyi. Kada a riƙe ƙafafunsa a juya kansa ƙasa. Kada a yi masa hayaƙi ko turare. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko madara yana haki, don zai shaƙe. Kada a yi gaggawar wanka, a bari sai ya kwana. Sanyi yana ƙara wa huhu wahala.

A hanyar zuwa asibiti, a kwantar da shi tsirara a ƙirjin uwa ko na wani babba, fata da fata, a rufe su da zane, a sa masa hula, a bar fuskarsa a buɗe. Likitoci a ƙasar Kolombiya suka fara wannan dabara a 1978, don ɗumama bakwaini. Ba ta cin ko dala.

A babban asibiti ana ba jariri iskar oksijan. Akwai na'ura mai tura iska a hankali ta hanci, ta riƙe jakunkunan huhu a buɗe har ya yi nasa man. Ana ɗumama shi, ana ba shi nonon uwa ta ƴar roba in bai iya tsotso ba. Jarirai da yawa suna warwarewa cikin ƴan kwanaki, su girma kamar kowane yaro.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Matar da aka ce tana da wannan ciwo ba a gida za ta haihu ba. Ba kuma kowane asibiti ba. A tambayi ungozomar asibiti inda akwai oksijan da ɗakin kula da jarirai, a nufi can. Ta Kalley tana da sauƙi. Ta ƙauye kuwa sai an yi shiri.

Wannan aikin maigida ne. Ya san mai mota ko mai amalanke tun yanzu, ya riƙe lambarsa. Ya ajiye kuɗin tafiya. Ya bar izini a gida, cewa in abu ya taso ba ya nan a tafi kawai. In garin na da nisa, ko damina ta yanke hanya, matar ta koma wurin dangi kusa da asibiti tun kafin lokaci. Mai goyon ciki da za ta tafi gidan iyaye ta tafi da takardar awonta, a kuma gaya wa iyayen abin da likita ya ce.

Gwamnati ta rage nauyi. A shekarar 2005 ta ɗauke wa mata kuɗin fiɗar haihuwa. A 2006 ta ƙara da awon ciki da kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5. A 2024 aka rage kuɗin aikin asibitocin gwamnati da rabi, aka mai da haihuwa kyauta. Amma kuɗin mota da abinci da wasu magunguna suna wuyan maigida. Buhun gero ɗaya da aka ajiye tun kaka yana iya zama ran ɗa.

Iyaye mata kuma su taimaka. Mai cikin fari kunya ke hana ta magana. Gwaggo ko inna ta ja ta ɗaki ta tambaye ta, "Ƴar nan, kina barci kuwa? Ƙafarki ba ta ƙaiƙayi?" Tambaya ɗaya ta isa.

Bayan haihuwa

Da mabiya ta faɗi, sinadaran ciki suna raguwa, hanta ta koma aikinta. Ƙaiƙayi yakan tafi cikin ƴan kwanaki. Nonon uwa ba shi da laifi. A ba jariri tun ranar farko, har da dakashi. In an yi arba'in a koma a sake awon jini. In hanta ba ta daidaita ba, akwai wani ciwo da ya kamata a nema.

Ciwon yakan dawo a ciki na gaba. Don haka mace ta faɗa wa ungozoma tun awon farko. In ta je neman maganin tazarar haihuwa ma ta faɗa, don akwai ƙwayar da ke iya tada ƙaiƙayin, sai a zaɓa mata wata. Ta kuma gaya wa ƙannenta mata da ɗiyanta, tunda abin yana bin dangi.

A koma ga mai masar Kalley. Hanya biyu ce gabanta. In ta yi shiru tana shan sassaƙe, mai yiwuwa ta haihu lafiya. Mai yiwuwa kuma naƙuda ta zo mata da dare a wata takwas, faya ta fashe da koren ruwa, ɗa ya fito yana nishi, ba kowa kusa sai tsohuwa da fitila. In kuwa ta ce wa mijinta, "Maigida, ƙaiƙayin nan ya hana ni barci, ka kai ni awo," to za a auna jininta, a sa mata rana, ta haihu a inda iska ke jiran ɗanta. Rai na hannun Allah, amma Allah ya ce tashi in taimake ka.

Abin tunawa

Ƙaiƙayin tafin hannu da tafin ƙafa, da dare, ba ƙurji, ciki ya tsufa: a je awon jini.
Motsin ɗa ya ragu, ko ruwan faya ya fito kore: a tafi yanzu.
Jariri na nishi, ko numfashinsa ya kai 60 a minti: a ɗora shi a ƙirji, a nufi asibiti.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Mene ne bambancin ƙazwa da ƙaiƙayin hanta?
2. Wane aiki man huhu ke yi wa jariri?
3. Wane asibiti mai oksijan ne ya fi kusa da garin nan? Awa nawa ne zuwa can da rani, awa nawa da damina?
4. In naƙuda ta taso da dare maigida ba ya nan, wa zai ba da izini, wa zai kawo mota?

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a zaure da cikin gida. In kunne ya ji, jiki ya tsira.